Takalman Gudun Kawu

Jiya a gidan kallo a Bagudo na ga 'yan wasan wata sabuwar ƙasa sun shigo filin gasar wasannin duniya, su kaɗan, suna ɗaga tutarsu. Nan take na ji ƙamshin man kaɗanya a hancina, na tuna Kawu, yayan mahaifiyata.

Kowace Juma'a Kawu yakan sauko da takalman gudunsa ya shafe su da man kaɗanya, ya mayar. Bai taɓa taka fili da su ba. Lokacin da ƙasarmu ta sami 'yancin kai, babu wanda ya kamo ƙafarsa a sansanin da ake zaɓen masu gudu. Ana shirin tafiya gasar duniya wani jami'i ya ƙura wa tsagen fuskarsa ido, ya ce irin na mutanen Dahomey ne, a cire shi. Kawu ya ƙetara iyaka, can ma aka ce masa ɗan Nijeriya ne. Ya dawo ya kama noman shinkafa a Kaoje.

Shekarar da zai rasu mun kalli buɗe irin wannan gasa tare. Da wata ƙaramar tawaga ta shigo, sai ya dafa sanda ya miƙe.

Na ce, "Kawu, zauna mana, waɗannan ai ba namu ba ne."

Ya ce, "Awo. Ni ma hakanan anka ce mani."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya saukar da kai inda ba a duba tsage a bakin ƙofa. Jami'in nan kuwa, na bar shi da Allah.