Kuɗin Yini a Siton Batagarawa

Ina cikin shekara ta biyu da ajiye aikin gwamnati, na koma kula da gine-ginen mutane ana biyana kuɗin yini, sai wani Alhaji mai fataucin hatsi ya aiko a kira ni. Sito yake ginawa a Batagarawa, yana neman wanda zai tsaya masa a kan aikin, ya tsara magina da leburori, ya karɓi kaya, ya sa hannu a kan duk abin da aka gama.

Na same shi a gidansa na GRA bayan la'asar. Muka daɗe muna gaisuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi tsohuwata a Ƙofar Guga, har ya ce tare da kawuna suka taso. Sannan ya gyara zama ya ce, "To Malam, nawa za mu riƙa ba ka a yini?"

Da shirina na zo. Tun a hanya na yanke abin da ba zan sauka ƙasa da shi ba, na ɗora wani abu mai kauri a kai saboda ragi. Na faɗi na saman, na sunkuyar da kai ina jiran ya taya.

"Shi ke nan," in ji shi. "Allah ya sanya alheri."

Mutumin nan kowa ya san shi, a kan buhun gero guda sai ya yini yana ciniki. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi shawara. Ya yi murmushi ya ce ai babu gaggawa, murmushin ma bai kwanta mini ba.

Da na ba maiɗakina labari, cewa ta yi wataƙila ni na karyar da kaina, sauran masu wannan aiki sun fi haka karɓa. Na kira wani abokina da ya riga ni shiga harkar, ya ce a'a, kuɗin da na faɗa har ya ɗara nasa. Ya ƙara da cewa in je in ga wurin da idona kafin in amsa.

Washegari da hantsi na tafi Batagarawa ban gaya wa Alhaji ba. A zatona fili zan tarar. Sai ga gini ya kusa kai linta, ciyawa ta fito a gindin bangon. Shugaban maginan, wani dattijo mai furfura, yana zaune a inuwar darbejiya da mutanensa, ba siminti ko buhu ɗaya. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne na ukku ke nan," ya ce.

Sai da na zauna kusa da shi muka taɓa hira kafin ya saki baki. Ya ce waɗanda suka gabace ni ma kuɗi mai kyau aka yanka musu. Amma a wurin Alhaji, ranar da aka ɗora bulo ita ce yini. Ranar da ka zo ka zauna jiran siminti ba ta cikin lissafi, kuma irin waɗannan ranaku sun fi yawa. Daga nan ya tashi ya ɗauko bulo ɗaya ya sake shi daga tsayin ƙirjinsa, ya wargaje kamar ƙuli. Surukin Alhaji ne yake buga su, ya ce, kuma duk wanda ya karɓi aikin shi zai sa hannu cewa bulon yana da kyau.

Na koma wurin Alhaji a ranar da na yi alkawari. Ban nuna masa na je wurin ba. Na ce na yi shawara, zan rage kuɗin da na faɗa, amma da sharaɗi biyu a rubuce: duk ranar da na je wurin aiki yini ne, ko an yi gini ko ba a yi ba, kuma bulon da ban yarda da shi ba, a mota zai koma.

Fara'arsa ta ragu. "Wa ya ba ka labari?"

Na ce ba kowa, haka nake aikina.

A nan ciniki na gaske ya tashi. Ya ce ranar zama rabin kuɗi, na ƙi. Ya ce yanzu matasa masu takarda sun cika gari, ko da rabin kuɗina zai samu. Na ce gaskiya ne. Ya kawo zancen kawuna har sau biyu. Muka ja har aka kira magariba, muka yi salla muka dawo. Abin mamaki, yadda yake matsa mini haka hankalina yake kwanciya. A ƙarshe ya yarda da batun yini a kan kuɗin da ya ɗan gaza abin da na yanke wa kaina. Batun bulo kuwa, hannu kawai ya sa.

Wata biyar na yi a aikin. Siminti bai sake yankewa fiye da kwana ɗaya ba. Na mayar da bulo mota biyu a makon farko, daga nan surukin ya gyara haɗinsa, ya kuma daina amsa gaisuwata. Bangon gabas, da aka gina da ruɓaɓɓen bulon nan, sai da muka rushe shi muka sake. Da na kai wa Alhaji wannan magana, ya ja carbinsa, sannan ya ce in yi abin da ya dace.

Har muka gama ban saki jiki da shi ba, shi ma na lura yakan turo direbansa ya leƙa ko ina wurin. Ranar da na miƙa masa makullan, ya zaga siton yana ƙwanƙwasa bango da zobensa. Na so in tambaye shi ko tun farko ya san halin bulon, ko shi ma cutarsa ake yi a cikin gida. Ban tambaya ba. Ya ce akwai wani aiki a tafe bayan damina, zai neme ni, na ce Allah ya kai mu.