Injin Fas na Kawu Isufu

Tompkinsville, 5:50

Bayan Asuba muka fito, ni da Kawu Isufu, yana rungume da kwali kamar jariri. Shekara tara ya yi yana shari'a kan gonar mahaifinsa da hukuma ta ƙwace a can ƙasarmu, har zuwa kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ƙasa. Ta ce babu shaidar mallaka, kuma daga nan babu ɗaukaka ƙara. Sai wata lauya a unguwar Bronx ta ce ya zo.

"Kawu, mene ne a kwalin?"

"Abin da lauya ta ce. Ke dai riƙe mini lema."

St. George, 6:30

Jirgin ruwan da ke tsallakar da mu kyauta ne, shi ya sa Kawu ke ƙaunarsa. Karen jami'an tsaro ya shinshina kwalin, Kawu ya ɗaga shi sama yana a'uziyya. Minti ashirin da biyar a kan ruwa, bai ajiye shi ba. Muka karya da ƙosai mai sanyi, ni ke sa masa a baki, mutane na kallo. Na ji kunya ƙwarai.

Grand Concourse, 8:15

Daga jirgin ƙasa mai lamba huɗu muka taka zuwa ofishin Barista Hadiza, Bakanuwa mai fara'a. Kawu ya buɗe kwali, sai ga injin fas na aika takardu, sabo dal.

"Baba, wannan fa?"

"Ba ke kika ce ba a waya? Kotu ba ta sake duba hukunci sai da new fax."

"New fact na ce, Baba. Sabuwar hujja, wadda ba ku san da ita ba lokacin shari'a."

Na yi dariya har da hawaye, sannan na ga fuskar Kawu, dariyar ta tsaya. Shago bakwai ya zaga kafin ya samo injin.

"To, tunda an wahala, a gwada shi," in ji shi.

Ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, wai ba ta da amfani ko injin ya cinye. A akwatin marigayi wansa aka tsince ta watan jiya, cikin takardun rubutun sha. Barista ta kai hannu za ta sa, sai ta tsaya tana karantawa. Sunan kakana ne, da iyakokin gonar, da hatimi.

"Watan jiya, Baba? Kun tabbata?"

"Da ita na naɗo goro ma."

"Ba alkawari na yi ba, kotu na iya ƙi. Amma wannan ita ce hujjar, kuma wa'adi bai wuce ba."

Gida, 1:40

Mun dawo lafiya, godiya ga Allah da Barista. Takardar na can wurinta, injin na kan firjinmu. Kawu ya hana a mayar da shi. Ya ce da bai ji a karkace ba, da yanzu ya naɗe goro na biyu.