Kyanwar Inna da Maganin da Ba a Ambatar Sunansa

Shekarun baya, wata Talata da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, mu uku ne a tsakar gidan kawuna a Ƙaura Namoda: ni, da mahaifiyata, da matar kawu tana tankaɗe. A lokacin ne kyanwar mahaifiyata ta fito daga ɗakin ajiyar hatsi da ɓera a baki. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labarin da aka tsinko daga tsakiya.

Mu baƙi ne a gidan. Rashin zaman lafiya ne ya taso mu daga ƙauyenmu a ƙasar Zurmi. Awaki sun tafi, kaji sun watse, rumbunan gero a tsaye muka bar su. In ban da mu 'ya'yanta, abu mai rai ɗaya da Inna ta fito da shi ita ce kyanwar nan, a cikin kwando an ɗaure bakinsa da zane. A mota an yi mata dariya, ba ta kula kowa ba. Mussa take ce mata, yadda muke faɗa a wajenmu, ɓera kuma kusu. Tun da muka iso, da kyanwar ta fi yin magana fiye da mutane.

Kawu ƙanin Inna ne, hatsi yake saye da sayarwa. Ya ba mu ɗaki, bai taɓa yi mana gori ba, wannan dole in faɗa. Ɓeraye sun addabi buhunansa, don haka da ya ga kyanwa ya yi murna. Sai ya ce a rage mata abinci, wai in ta ƙoshi ba za ta yi farauta ba. Inna ba ta so ba, amma a gidansa muke.

Da safiyar Talatar na ga wani ɓera yana tafiya a fili, a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Ni da nake ganin ba abin da ke wuce ni a gida, har takalman mutane nake jerawa a ƙofar ɗaki, sai na yanke hukunci cewa tsufa ne. Da yamma da kyanwa ta fito da nata, matar kawu ta ce, "Yaya, mussarki ta fi mazan gidan nan aiki." Inna ta yi dariya. Kyanwa ta cinye shi tas, don da yunwa take.

Kafin magariba ta fara amai. Daga nan kumfa a baki, daga nan ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarta. Inna ta ɗura mata nono, matar kawu ta kawo manja. A haka kawu ya dawo daga kasuwa ya same mu durƙushe.

Inna ta ce, "Mi ya samu mussata? Ko maciji ne a ɗakin nan naka?"

Ya tsaya ya duba. Ya ce, "Allah shi sawwaƙe, Yaya." Ya ɗauki buta ya wuce.

Na hau keke na tafi wurin mai sayar da maganin dabbobi. Tambaya ɗaya ya yi mini: an sa maganin ɓera a gidan? Na ce a'a, da ƙarfina. Ya ce to da guba ce da sai a nemi likita yanzu-yanzu, tunda ba ita ba ce a ba ta wannan a ga safiya. Ya ba ni maganin tsutsar ciki. Ana kiran sallar isha'i ta mutu a cinyar Inna.

Washegari kawu ya yafito ni. Bai tsaya a tsakar gida ba, bai tsaya a zaure ba, sai da muka kai gindin dogon yaro a bakin hanya. Ya waiwaya, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Na sa abin nan. Baƙin garin nan na kashe kusu. A ƙuli-ƙuli na kwaɓa shi, na tura bayan buhuna."

Na ce, "Kawu, don me ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Kai yaro ne? Ana faɗa? Kusu na da kunne. In ka ambaci abin cikin gida, ko ɗaya ba ya taɓawa."

"To jiya fa, da tana shure-shure, Inna na tambaya?"

Ya ce, "Ai sauran ƙuli-ƙulin na nan, ban kwashe ba."

Ban ɓoye wa Inna ba. Ta saurara har na gama. Abin da kawai ta ce shi ne in zurfafa ramin da zan binne kyanwar, kada karen wani ya tono ya ci shi ma ya tafi. Ba ta taɓa tayar wa ƙaninta da maganar ba. Da ya kawo mata 'yar kyanwa daga maƙwabta, ko hannu ba ta miƙa ba. Ta ce, "Ka ba masu gida. Ni baƙuwa ce."

Ban ce likita zai iya ceto ta ba, wannan Allah ne masani. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne mutum ya tsaya a kan yayarsa tana kuka, amsar tana bakinsa, ya riƙe ta don kada ɓera ya ji. Muna gaisawa da kawu, ina zuwa sabgoginsa, zumunci bai yanke ba. Amma Inna ta koma ga Allah ba ta sake ajiye kyanwa ba, ba ta kuma sake ganin ƙauyenmu ba.

Roƙona gare ka mai karatu ɗaya ne. In kana da kyanwa a gida, ka ciyar da ita, kuma kada ka haɗa ta da maganin ɓera ƙarƙashin rufi ɗaya. In kuwa ya zama dole ka sa, to ka faɗa wa kowa tun kafin ka sa. In kana tsoron kunnen ɓera, ka fito da mutanen gidan bakin hanya ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu, amma ka faɗa.