Kunyar Ɗan Fari a Saman Kasuwa

Ni ne ɗan farin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta hira da ni, ba ta cin abinci a gabana. In tana da magana sai ta bi ta kan ƙanwata: ki ce wa wancan ya duba famfon banɗaki, alhali wancan yana zaune a gabanta yana jinta. Mata da yawa a unguwarmu ta Harra ta Yamma a nan Madina sun yar da wannan kunyar tun a filin jirgi, ita kuwa ta riƙe tata kamar carbi. Har na yi gemu, na zama direban motar ɗaukar masu ziyara, ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ita ba.

Da mahaifinmu ya rasu, iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta bi shi, domin a ƙarƙashinsa take zaune a Madina. Na yi zirga-zirga har takalmina ya gaji, abin bai yiwu ba. Aka buga mata fita ta ƙarshe, za ta koma Maraɗi wurin ƙannenta. Ta ce alhamdulillahi, ta shiga rabar da tukwanenta ga maƙwabta. Ni kuma abu ɗaya ya tsaya min a rai, in ci abinci tare da ita ko da sau ɗaya ne kafin ta tafi. Na san irin aikina ba a samun hutu sai an ga dama, na kuma san shekarunta.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin gidan abincin Italiyawa da ke saman wata kasuwar kayan abinci. Ya ce a can ba a ba kowa farantinsa. Ƙananan farantai ake kawowa ɗaya bayan ɗaya, a ajiye a tsakiya, kowa ya miƙa hannu. Nan take na ga dabara. In babu kwanonta daban, babu kuma ɗakin da za ta shige da shi, ai dole ta ci. Wai ni a tunanina na fi tsohuwa wayo.

Muka je ranar Juma'a bayan la'asar, ni da ita da ƙanwata, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. A ƙasa Inna ta sake sosai. Ta latsa kuɓewa ta ce ta tsufa, ta shinshina na'ana'a, ta tsaya kan masu kifi tana yi wa ƙanƙararsu kallon raini. Da muka zo matakalar nan mai tafiya da kanta sai ta damƙe abayar ƙanwata tana salati har muka kai sama.

Aka zaunar da mu kusa da gilashi, kasuwa tana ƙarƙashinmu. Farantin farko ya iso, gasasshen burodi yanka uku, an ɗora masa tumatir da man zaitun. Inna ta leƙa shi, ta tambayi ƙanwata ko ɗanɗano ne aka kawo don mu ga ko za mu saya. Sai ga dunƙulen shinkafa soyayye mai cuku a ciki, sai zaitun, sai gasasshen gauta baƙi, sai wani farin cuku mai laushi da ke malala in an taɓa shi. Ta ce Italiyawa da alama mutanen kirki ne, sai dai ba su taɓa yin baƙi ba. Muka yi dariya, na ji daɗi, na ce a raina an kusa.

Ashe ban san ta ba. Duk farantin da ya zo sai ta yaba shi, ta tura gaban ƙanwata. Kofin ruwa ma riƙe shi kawai ta yi. Na ci don in buɗe mata hanya. Ni mutum ne mai saurin fushi, a wurin mahaifina na gado, kuma a ranar fushin ya haɗu da baƙin ciki. Na yi abin da ban saba ba, na dube ta kai tsaye.

"Inna, jibi za ki tafi. Loma ɗaya kawai."

Ta mayar da fuskarta wajen gilashi. "Ki ce masa na ƙoshi."

Ƙanwata ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, billahi gum, tashi ka sauka ƙasa shwayya, na ɗan lokaci kaɗan. Tun safe ba ta ci komai ba, wai kada ta ɓata maka gayya."

A nan na gane zaɓin da ke gabana. Ko in zauna tare da ita ta koma gida da yunwa, ko in tashi ta ci. Na ce zan duba mota, na sauka.

Na tsaya a gefen mai dabino kamar mai jiran wani. Daga inda nake, da na ɗaga kai zan hango teburinmu ta gilashi. Ban ɗaga ba. Sabo turken wawa, kunyar da nake jin haushinta ita ce ta kama ni ni ma. Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, mai dabino ya miƙo min ƙwaya ɗaya bai tambaye ni komai ba.

Da na koma sama sai na tarar teburin ya cika maƙil. Su a tsarinsu, ana gama faranti ake ɗauke shi a kawo wani, amma Inna ta hana. Mai hidimar yana tsaye gefe da sabon faranti a hannu, ya rasa inda zai ajiye. A kowane faranti ta ci gefe ɗaya ta bar gefe ɗaya. Dunƙulen shinkafar da hannu ta raba shi, ga shatin yatsunta a jiki, ta bar ɓangaren da ya fi cuku. Ta riga ta goge hannunta, ta juya kujerarta wajen kasuwa.

"Ki ce masa ya ci," in ji ta. "Babu wanda ban sa wa hannu ba."

Na ajiye cokali mai yatsu, na ci da hannu. Abincin ya huce, cukun ya daskare, ban bar ko zaitun ɗaya ba. Ba ta juyo ba har na gama.

Ta rasu a Maraɗi kafin in samu hutu. Da babu gara ba daɗi, haka nake ce wa kaina, amma abin yana ci na har yau. Bayan zaman makoki na tambayi ƙanwata yadda aka yi a ranar. Ta ce Inna ta ci da marmari, ta fi son gautan, har ta lashe yatsa tana dariya. Ni ban gani ba, ina ƙasa.