Mangwaron Mai Gadi

A gidan hayar nan mai ɗakuna jere, babu wanda ya daɗe kamar mai gadi. Yara ne suka laƙaba masa Mujiya, saboda ba a ganinsa sai rana ta yi sanyi, ya fito da jajayen idanu, tocila a aljihu, sanda a hammata. Ya san da sunan, ya sha jin sa ta taga, bai dai taɓa amsawa ba.

Da ƙuruciyarsa dako ya yi a kasuwa, har bayansa ya ce ya gaji. Sai wani ya samo masa gadi a wani sito na kayan gini, inda ake ajiye siminti da rodi da kwanon rufi. Aikin ba ya bukatar ƙarfi, ido yake so. Ka zauna kan kujerar roba a bakin ƙofa, ka tashi ka zaga, ka dawo ka zauna, har gari ya waye. Saboda haka babu abin da Mujiya yake tattali a duniya kamar barcinsa na rana.

Ɗakinsa ne na ƙarshe a jerin, wanda rana ke duka tun hantsi. Shekarar da suka tare a gidan, matarsa, Allah ya jiƙanta, ta tsirar da ƙwallon mangwaro a gwangwani, ta dasa shi daidai tagar, ta riƙa juye masa ruwan wanke-wanke. Ita ce kuma mai gadin barcinsa. Kaza ba ta isa ta yi kuka a wajen ba, mai talla ma daga bakin ƙofa take tare shi da hannu a baki. Da ta rasu, bishiyar ta riga ta wuce rufin ɗaki, ta shimfiɗa rassa a kan kwano. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa, sai dai gaisuwa ta waya. Shi da mangwaron suka ci gaba da zama. A tsakar gidan kaf, bishiyar ce kaɗai inuwa.

Ana nan sai wata mai ɗinki ta tare a ɗakin da ke kusa da nasa. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. 'Ya'yanta uku: tagwaye maza masu ƙafa kamar an ɗaura musu inji, da wata 'yar mitsitsiya da ake kira Auta, wadda muryarta ta fi jikinta girma. Lokacin makaranta abin da sauƙi, kafin su dawo ya riga ya kwashi rabonsa na barci. Sai aka ba da hutu, ga zafi kamar ana hura wuta.

Ɗakin mai ɗinki ba ya zaunuwa da rana. Da hantsi ya yi sai ta jawo kekenta zuwa ƙarƙashin mangwaro, ta cika babban baho da ruwa, ta tuɓe wa Auta riga ta tsoma ta ciki. Tagwaye su share ƙasa su zana fili, su jera marafan kwalba suna buga ƙwallo da yatsa, kowane ci sai an yi ihu kamar an ga ɓarawo. In sun gaji da wannan, su ja motocin gwangwani masu tayar silifas, suna yi musu kukan inji da baki. Kafin azahar 'ya'yan maƙwabta sun cika wurin. Wanda ya ɗaga kai ya hango nunannen mangwaro sai ya laluɓi dutse, dutsen kuma ba ya sauka ko'ina sai kan kwanon Mujiya.

Ya yi haƙuri na 'yan kwanaki. Ya toshe kunne da auduga, ya danne kai da matashi. Ranar da wani dutse ya faɗo daidai saitin kansa, ya banko taga.

"Kai! 'Ya'yan waye waɗannan marasa kunya? Gidan nan babu manya ne?"

Mai ɗinki ba ta ko ɗaga ƙafa daga keke ba. "Akwai manya, Baba. Ga ɗaya nan ma yana leƙowa ta taga."

"Ke yarinya, da ni kike? Na haifi wadda ta girme ki."

"To Allah ya raya ta. Ita ma da tana ƙarama a buhu kuka ɗaure ta?"

"Ki kwashe su ki shigar ɗaki. Mutum ya kwana a tsaye, ya dawo gida kuma a hana shi runtsawa?"

"Ɗakin da ko ƙarfe ka ajiye sai ya narke? Shiga ka zauna da su ka gani. Titi kake so in kora su mota ta kwashe?"

"Bishiyar nan tawa ce. Matata ta dasa ta."

"Bishiya taka ce, mun ji. Inuwar fa, ita ma da sunanka a jiki?"

Yara suka fashe da dariya, ba don sun gane ba, sai don sun ga uwarsu ta yi nasara. Ya maida taga ya rufe da ƙarfi har sakata ta faɗi.

Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu. In ya fito wanka sai ya bi ta tsakiyar filin marafan kwalba ya watsa su da ƙafa, kamar bai gani ba. Ita kuma in ta tashi zubar da ruwan baho, ƙofarsa take nufa. Ya kai ƙara wurin sauran 'yan haya, kowa ya ce a yi haƙuri, yara ne, hutu ma ya kusa ƙarewa. Su ai da dare suke barci.

Sai direba ya dawo daga tafiya da tsarabar da ta ƙarasa lalata komai: tsohuwar taya da igiya mai kauri. Mutum ne mai fara'a, ya hau bishiya da kansa yana waƙa, ya ɗaure lilo a babban reshen da ya kwanta kan rufin Mujiya, don shi ne ya fi ƙarfi. Washegari ya hau motarsa ya tafi. Duk lokacin da yaro ya tafi ya dawo a kan tayar nan, reshen sai ya gurji kwano, ƙiii, ƙiii, kamar ana zarto a cikin kansa. Yara suka yi layi. Auta ba ta iya hawa ita kaɗai, sai tagwaye su ɗora ta su tura, tana tsala ihun daɗi.

Mujiya ya sa wuƙa ya yanke igiya kafin ya tafi aiki. Da ya dawo da safe ya tarar an ƙulla. Ya sake yankewa, aka sake ƙullawa, wannan karon da waya a kai.

A makon ne manajan sito ya shigo da sassafe ya same shi kan kujera, baki buɗe, tocila a ƙasa, karen maƙwabta kwance a kan buhunan siminti. Manajan yaro ne, sa'an 'yarsa, amma ya tsaya a kansa ya yi masa faɗa a gaban leburori.

"Baba, otal muka buɗe maka a nan? In tsufa ne ka faɗa mana, akwai samari suna nema. Na sake ganin haka, ka ajiye mana tocila."

Ya dawo gida yana lissafi. Ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji, bayansa ba ya ɗaukar ko bokiti cike. In gadi ya tafi, bai san inda zai dafa ba. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi taya tana reto ita kaɗai a iska, ya dubi bishiyar daga sama har ƙasa. A ransa ya ce, ai ba yaran ba ne, inuwar ce ke kiran su.

Ranar da mai ɗinki ta yi wa yara wanka ta kai su gidan kakarsu wuni, Mujiya bai kwanta ba. Ya je ya kirawo mai injin yankan itace. Mutumin ya zaga bishiyar, ya dafa ta, ya ce, "Baba, reshen da ke kan kwano kawai zan sauke maka ko? Wannan ai ba ta yi tsufan sarewa ba."

"Duka."

"Ga 'ya'ya a jikinta fa."

"Na ce duka. Ni na san wanda ya dasa ta."

Matan gida suka fito suna salati, wata ta ce a jira a kira mai gidan haya. Ya ce a kira, mai gidan haya bai taɓa zuba mata ko kofin ruwa ba. Kafin la'asar an gama. Aka kwashe itace a kura, aka bar kututture da ganye da ɗanyun mangwaro warwatse a ƙasa. Tayar ya jingina ta a ƙofar mai ɗinki, ya naɗe igiyar ya ɗora a kai.

Da yamma suka dawo. Tagwaye ne suka fara shigowa da gudu, suna rige-rigen hawa lilo, sai suka ja birki. Auta ta zagaya kututturen tana duban sama, ta ce, "Mama, ina bishiya ta tafi?" Sannan ta ɓare baki.

Mai ɗinki ta ajiye jaka a hankali. Mujiya na bakin ƙofarsa yana ɗaura takalmin aiki.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Kayana na sare."

"Don kada yara su sha inuwa? Kai, amma zuciyarka ta bushe. Wallahi ban taɓa ganin mugun tsoho irinka ba. Matar da ta dasa ta, da tana raye, da wane ido za ka dube ta?"

"Kada ki ƙara sa matata a bakinki."

"Na sa! Ita ta shuka, kai ka sare. Ka ji daɗi, sai ka yi ta barci har ka kumbura."

Ya ƙarasa ɗaura takalmi. Ya ɗauki sanda ya fita, yana jin tagwaye a bayansa suna rera "Mujiya, Mujiya," uwarsu kuma ba ta hana su ba.

Washegari tsakar gida tsit. Mai ɗinki ta ja kekenta da bahonta da 'ya'yanta zuwa zauren shiga gida, can nesa da tagarsa. Mujiya ya kwanta yana murmushi, ya cire audugar kunne ya jefar. Barci ya ɗauke shi mai daɗi.

Hantsi na ɗagawa ya farka sharkaf da gumi. Kwanon rufi ya ɗau zafi har yana ƙara, bango kamar gefen murhu. Ya manta yadda ɗakin yake kafin bishiyar ta girma, shekarun sun yi nisa. Ya jiƙa zani ya rufa, kafin ya juya ya bushe. Ya yayyafa wa tabarma ruwa, ya sauko ƙasa, ya buɗe ƙofa da taga, iskar da ta shigo ta fi ta ciki zafi. Ya samo kwalaye ya shimfiɗa a kan rufi, iska ta kwashe. Da can hayaniya takan bar masa ɗan abin da ya samu tsakanin ihu da ihu. Yanzu ko wannan babu. Ya kwanta ido biyu yana kallon kwano, daga nesa yana jiyo dariyar Auta a cikin baho.

Bai faɗa wa kowa ba. Da 'yarsa ta kira, ya ce lafiya lau. Ya riƙa tafiya aiki yana tangaɗi, yana wanke fuska a famfon sito, yana tsayuwa da ƙafa ɗaya don kada ya zauna. Bai kai ƙarshen mako na biyu ba. Manaja ya same shi a zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofa, ko motsin buɗe ta bai ji ba. Wannan karon babu faɗa. Hannu kawai yaron ya miƙa, Mujiya ya ɗora masa tocila.

Yanzu da dare yake barci kamar kowa. Da rana kuwa ɗakin ba ya zaunuwa, kuma inuwa ɗaya ta rage a gidan. Ya daure kwana biyu, a na uku ya ɗauko 'yar kujerarsa ya nufi zaure. Yara suka bi shi da kallo. Ya raɓa ta gefen baho, ya zauna a lungu, ya juya fuska ga bango.

Mai ɗinki ta gama layin da take ɗinkawa, ta ciji zare, ta tofar.

"Baba, matsa can. Ka tare mana iska."

Ya ja kujera ya matsa. Tagwaye suka ci gaba da buga marafansu, marfi ɗaya ya gangaro ya tsaya a jikin ƙafarsa. Babu wanda ya zo ɗauka, shi ma bai tura musu ba.