Murfin Injin Baba a Gaban Kaji

Ranar Juma'a na je gidanmu a Tanut, na tarar da kaji suna shan ruwa a murfin injin motar Baba. Ƙanena Sani ne ya kwance shi, wai tun da motar ta mutu, gara ya yi amfani.

Na ce, "Sani, duk gidan nan an rasa tsohon kwano?"

Ya ce, "Yaya, ƙarfe ne fa kawai."

Ƙarfe kawai. Da wannan akori-kurar Baba ya yi ta jigilar hatsi zuwa kasuwar Tarka har muka girma. Duk sa'ad da baƙin mai ya fara tsattsafowa ta gefen murfin, shi da kansa yake kwance shi a gindin aduwa. Sai ya cire hularsa ya zuba kusoshin a ciki, ya zauna kai ba hula cikin rana. Ya wanke murfin da kananzir, ya yanka sabon kwali daidai bakinsa. Har yau ina jin warin nan.

Wata rana na kai masa fura, na ga murfin kwance a kan rigarsa ta sallah. Na ce Baba ai za ta ɓaci. Ya ce, "Abin da ke rufa mini asiri ba na ajiye shi a ƙasa."

Na zubar da ruwan kajin, na naɗe murfin a mayafina, Sani yana kallo.

Allah ya jiƙan Baba, ya rufa masa asiri a can. Mu da ya bari, Allah ya sa mu zama masu kunya.