Malam Garau da Kifinsa Sufeto

Jawo kujerar nan kusa, ɗan'uwa, ka kife wayar tukuna. Labarin kawuna zan ba ka, wanda duk ma'aikatar rini ke kira Malam Garau.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka ce ya gida, ya ce garau. Ya ciwon gwiwa, garau. Ranar da babur ya watsa shi cikin kwata ma, yana kwance ana yi masa sannu, ya ɗago kai ya ce garau.

Aikinsa wanke ruwa. Kada ka yi dariya, da gaske nake. Ruwan da aka gama rina yadi da shi yakan fito yau shuɗi, gobe ja, ga wari mai hawa kai. Ba a yarda a sake shi haka cikin rafin bayan katanga ba, don da shi masu lambu ke ban ruwa. To Kawu ne ke tare shi. A tankin farko ya zuba masa farar ƙasa da alif, dattin ya dunƙule ya kwanta. A na gaba inji ya yi ta hura masa iska yana ɓulɓul. Daga nan ya ratsa yashi da gawayi, ya faɗa wani kududdufin siminti, zangon ƙarshe kenan kafin rafi.

A cikin kududdufin nan Kawu ya saka 'yar tarwaɗa da wani masunci ya ba shi. Hujjarsa ita ce, muddin kifi na iyo lafiya, ruwa ya wanku. Da gashin bakin kifin ya yi tsawo, sai ya raɗa masa suna Sufeto. Kullum da safe sai ya ƙame a bakin siminti ya sara masa. Baƙo bai isa ya shigo ma'aikatar ya fita ba a kai shi ya gaida Sufeto ba. Inna, matar Kawu, takan ce, "Malam, ni da na haifa maka 'ya'ya, ko da hannun hagu ba ka taɓa sara mini ba."

Ana nan, wata safiya sai ga malama mai gwaji, wadda ke ɗibar ruwa a bakin bututun da ke zuba cikin rafi tana aunawa. Ta ɗaga kwalba ta nuna masa.

"Baba, ruwanka akwai maiƙo, kuma ya fara tsami."

"'Yata, Sufeto bai kawo ƙara ba. Dubi wuyansa."

"Baba, tarwaɗa ce fa. Ko a taɓo ka ajiye ta, godiya za ta yi maka."

Magana ta kai kunnen manaja. Ya ce masu duba ruwa na hukuma suna tafe ƙarshen wata. In ba a gano inda maiƙon ke fitowa ba kafin nan, za a kwashe kududdufin a kankare shi, kifin kuma a miƙa wa mai girkin ma'aikata ta san yadda za ta yi da shi.

Ai kuwa Kawu ya zama kamar an ɗana masa batir. Ya sa aka kwashe yashin tacewa aka zuba sabo. Ya canza gawayi. Ya ƙara alif har hannuwansa suka yi fari fat. Ya zura dogon takalmin roba ya shiga tanki yana shinshina bango. Ya tare makaniki ya ce injinsa ne ke yoyon baƙin mai, makaniki ya rantse har da cire hula. Ya je wa marina da faɗa, suka ce su launi suka sani, ba su soya komai. Kowace safiya kwalbar malama ta dawo da maiƙonta, Sufeto kuwa sai ƙara sheƙi yake, har juyawa na yi masa wuya.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani. Tun da Kawu ya fara aiki, bai taɓa cin abincin rana a ma'aikata ba. Da an busa tashi zai hau keke ya tafi gida, don Inna ba ta yarda wata ta ciyar mata da miji ba. Amma ran nan damuwa ta hana shi motsi. Ya zauna bayan buhunan farar ƙasa ya rafka tagumi, yana kallon kududdufin ta tsakaninsu.

Can sai ga mai gadi, yana waige-waige. Ya tsuguna, ya marmasa burodi a ruwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da kaɗan." Yana tafiya direban babbar mota ya iso da ragowar shinkafa. Bayansa marina ɗaya bayan ɗaya, hannu shuɗi hannu ja, kowa da 'yar ledarsa. Makanikin da ya rantse ya karkaɗe kwanonsa tas. Sai ga mai girki da kanta, rungume da tukunya, ta tuttule ƙanzo da miya, maiƙo yana yawo a saman ruwa kamar an shimfiɗa gyale.

"Ci, ɗan albarka," in ji ta. "Su ce in soya ka? Sai dai su soya ni."

Kawu ya buɗe baki zai yi magana kenan, ya ji ƙarar takalmi ƙwas ƙwas. Manaja ne. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya zaro biskit daga aljihun kwat, ya tsuguna yana kiran kifin da ɗan fito.

Dariya ta ƙwace wa Kawu. Ya miƙe daga bayan buhuna, fari fat tun daga gira har takalmi, manaja ya zabura saura kaɗan ya bi biskit ɗin.

"Yallaɓai, na gano bututun da ke yoyo. Ga shi nan sanye da kwat."

Manaja ya yi gyaran murya. "Malam Garau, tausayi ne. Tun da na yanke masa hukunci ba na iya barci."

Ashe kowa a ɓoye yake zuwa, kowa na zaton shi kaɗai ne mai kirki, kuma tun da aka ji za a soya Sufeto kowa ya ninka sadakarsa. Da malama mai gwaji ta ji, sai da ta dafa bango don dariya. Ta ce, "Baba, ashe sufeton naka cin hanci yake."

"A gabana kuma, 'yata. Da gashin bakinsa da komai."

Amma fa da ta juya baya, Kawu ya shafa aljihun rigarsa, don shi ma kullum akwai ɗan ƙunshin da Inna ke ba shi ta ce a kai wa mutumin, wato Sufeto.

Aka wanke kududdufin, ruwa ya dawo garau na gaske, masu dubawa suka zo suka tafi ba su ce uffan ba. Sufeto dai an yi masa ritaya cikin girma. Makaniki ya yanka tsohuwar ganga ya kafa masa gida a ƙofar ɗakin cin abinci, inda kowa ke ba shi a fili, ba waige. A kududdufin kuwa malama ta sa aka zuba ƙananan karfasa, waɗanda da ruwa ya ɗan ɓaci za su taso sama suna haki. Ita ta kafa doka, ɗan abincin kifi da safe kawai, daga hannunta.

Shekaranjiya na leƙa wajen Kawu. Na same shi a bakin siminti, 'yan karfasa sun taru a gabansa, bakuna sama, suna kallonsa. Hannunsa na cikin aljihu, ina jin ƙarar leda.

"Kawu, doka fa."

"Na sani, ɗana. Amma dubi na gefen can, duk ya rame."

To kai da ke zaune kana dariya, da kai ne ke tsaye a wurin da burodi a aljihu, za ka iya wucewa?